Waƙa da tarihi da matasa a lokacin ruɗani

Ya Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci kan yanke ƙauna da ke mamaye zukatan mutane duk lokacin da al'umma ta shiga ruɗani. A ganina, wanda ya san tarihi ba ya saurin karaya.

Ranar 16 ga Yuni, 1976, ɗalibai ne suka fito a Soweto, wata unguwar baƙar fata a Afirka ta Kudu, suna rera waƙoƙi, suna adawa da tilasta musu karatu da harshen Afirkans, harshen fararen fata masu mulkin wariyar launin fata a lokacin. 'Yan sanda sun harbe da dama daga cikinsu, amma a 1994 Afirka ta Kudu ta gudanar da zaɓen da baƙi da farare suka kaɗa ƙuri'a tare. Haka kuma a Estoniya, dubban mutane sun riƙa taruwa suna rera waƙoƙin kishin ƙasa da mahukuntan Tarayyar Sobiyet suka hana, har ƙasar ta sami 'yancin kanta a 1991.

Na san waƙa ba ta tare harsashi, amma tana nuna wa mai fargaba cewa ba shi kaɗai ba ne. Saboda haka ina roƙon jaridarku ta ware shafi domin matasa mawaƙa da masu binciken tarihi.

Naku,
Wani mai karatu