Rahoton Sakatare na Shekara: Tsofaffin Gine-ginen Tsakiyar Gari da Halin da Asusunmu Yake Ciki

Assalamu alaikum shugaba, iyayen ƙungiya da sauran 'yan uwa maza da mata.

Bana ma ni aka ɗora wa rubuta rahoton nan. Tun da ma'ajinmu ya bar gari a tsakiyar shekara ba a samu wanda ya yarda ya karɓi littafinsa ba, don haka bin kuɗin ƙungiya ma a kaina ya faɗo. Da maganar kuɗin zan fara, domin duk aikin da za ku ji ba a gama ba, daga nan matsalarsa ta taso.

Waɗanda suka biya kuɗin shekara cikakke ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba. Na tura saƙo, na buga waya, wasu har shago da ofis na bi su. Amsar ɗaya ce, za a turo da yamma, kuma yammar ba ta zuwa. Akwai waɗanda yanzu ko wayata ba sa ɗauka, alhali ba bashina nake bi ba, kuɗi ne da ku da bakinku kuka yanke a babban taro. Da shi ake hayar tsani, da shi ake buga takardu, da shi ake biyan kuɗin motar injiniyan da ke duba mana gini kyauta. Rasit ɗin komai yana hannuna, duk mai son gani ya zo ya gani.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da biyu da mutane ba su cika ba.

Rajistar gine-gine ita ce babban alkawarin da muka ɗauka bara: mun ce za mu gama tituna uku, mun gama ɗaya da ɗan abin da ya ɗoru. Na ji ana cewa kwamiti ya yi sanyi. Wanda bai fita aikin ba yana zaton hoton fuskar gini ake ɗauka a wuce. Kowane gini sai an nemi shekarar gina shi, da abin da aka gina shi da shi, a hau a duba rufi da indararo, a rubuta wane ne mai shi da wanda ke zaune a ciki. Ba a shiga sai da izini, kuma da yawansu na magada ne da suka warwatsu. Wannan ya ce ku zo, ɗan uwansa ya ce bai san zancen ba, na uku yana wata ƙasa. Gini guda ya cinye mana wata biyu a kan neman mabuɗi kawai. Ranar da aka nemi masu sa kai hannuwa sun tashi da yawa, amma mutum huɗu ne suka riƙa fitowa duk Asabar, biyu daga cikinsu ɗalibai. Rajistar nan kuwa ba ta da madadi, domin hukumar tsara birane ba ta sauraron "ai tsohon gini ne mai kyau". Awo take so da hoto da tarihi a rubuce.

Ɗan abin da muka gama ya nuna mana abu guda a fili. Ƙasan gine-ginen cike yake da shaguna, saman kuwa mafi yawansa kango ne. A wurare da dama an toshe matakala don a faɗaɗa shago, shekaru babu wanda ya taka benen. Rufi ya fara yoyo babu mai gani, ruwa ya bi kan katakon da ke cikin bango ya ruɓar da shi, ƙarfe ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga abin da ke kewaye da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: bayan 'yan daminu sai a kira injiniya ya rubuta cewa ginin haɗari ne, dillali kuma dama yana jira a ƙofa. Duk wannan yana faruwa ne a garin da kullum cika yake yi, matasa masu aiki a tsakiyar gari suna neman ɗaki a bayan gari suna ɓata sa'o'i a hanya. Shi ya sa nake so membobi su daina barin ana kiranmu masu adawa da gidajen haya. Gidajen hayar muke nema, a cikin waɗannan benayen da ke zaune babu kowa. Ginin da ake kwana a cikinsa, daren da ya fara yoyo da safe za a nemi kafinta.

Sai maganar tsohon siton kusurwa da aka rushe. Ta yi mini ciwo kamar yadda ta yi wa kowa, amma tambayar "ina ƙungiya take?" da aka cika zaurenmu na WhatsApp da ita ba adalci ba ce. Mun rubuta wa hukuma sau biyu, mun zauna da wakilin mai ginin, mun kai masa zanen da ke nuna yadda za a bar bangon gaba a fitar da gidaje a ciki. Ginin ba ya cikin jerin waɗanda doka ta kare, kuma titinsa yana cikin biyun da rajistarmu ba ta kai gare su ba. Takardar koke ta yi mako uku a ofis tana jiran sa hannu, kuma da yawa daga masu tura hotunan buldoza yanzu babu sunansu a kanta. Ihu bayan hari ba ya tayar da bango. Abin da muka iya cetowa shi ne ƙyamare biyu, da ƙarafan tagogi, da cikakken awon ginin da ɗalibanmu suka yi kafin a taɓa shi. A birnin New York na Amurka sai da aka fara rushe tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a 1963, sannan aka yi dokar kare gine-ginen tarihi a 1965. Dokar ta taimaka wajen ceton tashar Grand Central daga baya, amma waccan ta tafi har abada. Mu ma ga namu ya tafi, kuma har yau jerin bai cika ba.

Gyaran rufin ginin agogo ya tsaya a rabi, ɗaya rabin tamfol ne a kansa. Kuɗi ne suka ƙare, ba wani dalili ba. An ba mu shawara a taro cewa a watsa wa bangon siminti a huta, kwamiti ya ƙi, kuma ina tare da kwamiti. Tsohon bangon jan bulo da aka ɗaure da farar ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. Siminti ya fi bulon ƙarfi kuma yana riƙe ruwa a ciki, sai gishiri ya taru, fuskar bulon ta riƙa gutsurewa, filastar ta ɓamɓare da naman bangon a jikinta. Aikin farar ƙasa yana cin lokaci, sai an yi shi shafi-shafi ana jira ya sha iska, birkilolin da suka iya shi kuma sun yi ƙaranci. Gara a ce mun yi jinkiri da a ce mu muka kashe ginin da hannunmu. Amma tamfol ba zai kai mu wata daminar ba, wannan kowa ya sani.

Yanzu ga abin da ya faranta rai, wato ranar buɗe ƙofa da muka yi a tsohon ginin kamfanin yadi, wanda Alhaji, ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya, ya mayar da benayensa biyu gidajen haya. Mun jera kujeru muna fargabar kada su zauna babu kowa, sai ga shi kafin azahar mun raba mutane rukuni-rukuni saboda matakala ba za ta ɗauke su a lokaci guda ba. Ɗaliban zanen gini sun zo da malamansu, 'yan kasuwar layin sun bar yara a shago sun hau, masu gidaje da ba su taɓa amsa wasiƙarmu ba mun gan su suna ƙwanƙwasa bango suna tambaya. Wani dattijo da ya yi aikin akawu a ginin tun yana saurayi ya tsaya a bakin wata taga ya ce nan teburinsa yake. Wurin yanzu ɗakin girkin wata malamar asibiti ne, ita ce ma ta kawo masa kujera, ya zauna ya ba yara labarin yadda ake jan dilolin yadi da igiya zuwa sama. Ƙugiyar tana nan a jikin katakon, Alhaji ya hana a cire ta.

A tsakar gida babban birkilanmu ya kwaɓa farar ƙasa da yashi a gaban jama'a, ya ba matasa cokali suka gwada cike tsakanin bulo. Biyu daga cikinsu sun koma wurinsa koyo, kuma har yanzu suna zuwa. A ganina wannan kaɗai ya biya wahalar ranar.

Mai zanen da ta yi aikin ta zagaya da mutane tana nuna dalilin da ya sa irin waɗannan gine-gine suke karɓar gidaje cikin sauƙi. An gina su kafin zuwan na'urar sanyaya ɗaki, don haka ba su da zurfi, rufinsu da tsawo, tagoginsu manya, kowane ɗaki yana samun haske da iska. Manyan ofisoshin zamani masu faɗi kuwa tsakiyarsu duhu ne, babu inda za a fitar da taga. Ba ta ɓoye wahalar ba: matakala ta biyu saboda gobara, sabon wayarin gaba ɗaya, da neman hanyar da bututun ruwa da na bayan gida za su bi ba tare da an sare ginshiƙi ba. Sabuwar matakalar ta ƙarfe ce, ba a yi mata shigar tsohuwa ba. Ta ce ƙa'idar Yarjejeniyar Venice ta 1964 ke nan, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan kiyaye gine-ginen tarihi: sabon da aka ƙara ya dace da tsohon amma a iya bambance su, kuma yarjejeniyar da kanta ta ce amfani da gini don wata buƙatar jama'a yana taimaka wa kiyaye shi.

Da aka zo tambayoyi, maganar kuɗi ce ta mamaye. Ta kawo misalin Los Angeles, inda a 1999 aka yi dokar da ta sassauta sharuɗɗa, har da na wurin ajiye motoci, ga mai son mayar da tsohon gini gidaje a tsakiyar birni, kuma dubban gidaje suka fito daga gine-ginen da ke rufe. Ta ambaci rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyara da gwamnatin Amurka ke bayarwa ga ginin tarihi mai kawo kuɗin shiga. Sai wata 'yar haya ta miƙe ta tambaya, in an gyara unguwa ta yi kyau, su masu ƙaramin ƙarfi ina za su? Tambayar ta sa wuri ya yi tsit. Amsar da aka ba ta gaskiya ce: unguwar Marais a birnin Paris ta tsira bayan dokar Malraux ta 1962, wadda Faransa ta yi don kare tsofaffin unguwanni, amma haya ta tashi, talakawa da masu sana'ar hannu da yawa suka fice. Birnin Bologna na Italiya kuwa ya yi ƙoƙari a shekarun 1970 ya gyara tsofaffin unguwanni mazaunansu na ciki. Ina roƙon kwamiti ya ɗauki tambayar baiwar Allah nan da muhimmanci, domin in gyaranmu zai kori mutanen da suka riƙe layin shekara da shekaru, ban san wa muke yi wa aikin ba.

Bayan taron masu gidaje uku sun nemi a zo a duba musu benayensu, kuma jami'in hukumar tsara birane da ya halarta ya nemi mu kawo shawararmu a rubuce kan sassauta sharaɗin wurin motoci. Godiya ta musamman ga Alhaji da 'yan hayarsa da suka buɗe mana ɗakunansu, da matan ƙungiya da suka share ginin tun jajibiri, da ɗaliban da suka kwana suna manna hotuna. Sai dai ba zan ɓoye ba, a cikin wannan cincirindo baƙi sun ninka membobi. Mutum takwas ne suka ɗauki ranar a kansu daga farko har kwashe kujeru. Wasu sun zo an ɗauki hoto da su sun tafi, wasu ko saƙon uzuri ba su turo ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma waɗannan takwas ɗin sun gaji.

Abin da kwamiti zai gabatar a babban taro shi ne a rufe rufin ginin agogo kafin ruwa ya sauka, a gama tituna biyun da suka rage, a kai wa hukuma takardar da ta nema. Za a kuma kawo shawarar cewa duk wanda ya shekara biyu bai biya ba kuma bai kawo uzuri ba, a cire sunansa daga rajista. Wanda yake cikin matsi ya same ni a keɓe, babu wanda zai ji, ana iya biya kashi-kashi ko a musanya da fitowa aikin Asabar.

Kujerar ma'aji tana nan babu kowa, kuma ba zan iya haɗa ta da ta sakatare wata shekarar ba. Masu gidajen nan uku suna jiran ranar da za mu je, injiniya ya ce a shirye yake, abin da ya rage shi ne mutum biyu masu riƙe tsani da tef ɗin awo. Mai niyya ya ba ni sunansa kafin a tashi daga taro.

Wassalam,
Sakatare