Wasiƙa daga Damagaram: wa ke ce wa fata ya isa?

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman baƙunta? Nan Damagaram hunturu ya sauka da ƙarfinsa, ƙura ta lulluɓe Birni, dugadugan yara duk faso.

Fason nan ne ma ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya ina shafa wa autana man kaɗe a ƙafa, ya tambaye ni wa ke ɗinke fata in ta tsage. Na ce ƙwayoyin halitta na can ƙasan fata ne ke rabuwa biyu-biyu suna cike gurbin. Sai ya ce, "To Baba, wa ke ce musu ya isa?" Wallahi da tambayar nan na kwana.

Ka tuna a lakwal an koya mana DNA ke ba da saƙo, RNA ta kai, a ƙera furotin. Ashe akwai wasu ƴan guntayen RNA da ake ce wa microRNA (miR a taƙaice), harufansu 22 ko kusa da haka, waɗanda ba a ƙera komai da su. Aikinsu su tare saƙon a hanya, su manne masa, su hana a karanta shi. Victor Ambros da Gary Ruvkun suka bankaɗo wannan a 1993, a jikin wata tsutsa mai tsawon milimita ɗaya. Aka ɗauka sha'anin tsutsa ne kawai. Sai a 2024 aka ba su kyautar Nobel.

A fata, furotin p63 ne ke sa ƙwayoyin ƙasa su yi ta hayayyafa. Da ƙwaya ta fara hawowa sama, sai ɗaya daga cikin guntayen nan, miR-203, ya yawaita a cikinta, ya danne p63. Shi ke nan ta daina rabuwa, ta cika da keratin, furotin mai tauri, ta baje, ta mutu, ta zama busasshen saman nan da ke tare mana iska. Wajen wata guda take yi a wannan tafiya. Abin ya taɓa ni ƙwarai, sai ta bar haihuwa sannan take iya kare mu.

Akwai kuma miR-34. In DNA ta lalace, furotin p53 ke tashinsa, shi kuma miR-34 ya rage CDK4 da CDK6, furotin masu tura ƙwaya ta rabu, sai ƙwayar ta tsaya kafin ta kwafi ɓarnar. Inda irin wannan birki ya tsinke, nan ciwon daji ke samun ƙofa.

Don Allah in ka ga littafi mai zanen wannan, ko na Faransanci ne, ka aiko mini, ina so in nuna wa ɗalibaina. Fason yaron ya fara haɗewa. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka,
Amininka na Damagaram