A bar uwa ta shayar da jariri lokacin allura

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na raka ƙanwata asibiti a yi wa jaririnta allurar BCG, ta rigakafin tarin fuka. Tana ƙoƙarin ba shi nono sai ma'aikaciyar ta daka mata tsawa, wai zai ƙware. Yaro ya yi ta tsala ihu har ya shiɗe, fuskarsa jawur.

Har cikin shekarun 1980 likitoci da dama sun ɗauka jariri ba ya jin zafi sosai, bincike kuwa ya ƙaryata su. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rungume jariri, a shayar da shi lokacin allura ko dab da ita, yana rage raɗaɗi. Ko kwabo ba a kashewa fa! Don Allah hukumomin lafiya su sanar da ma'aikatansu.

Wata uwa, Funtuwa