A rufe ƙofa, amma a cika wa yaran nan alkawari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya, ina roƙon ɗan fili in yi kira ga 'yan majalisar dokokin Amurka, ƙasar da nake zaune, a kan yara kimanin 300 da suka maƙale a China suna jiran iyayen riƙonsu.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ina da abokiyar aiki Ba'amurkiya da muke yawan yin aikin dare tare. A cikin ƙofar kabad ɗinta ta manna hoton wani yaro mai ciwon zuciya, ya rungume ɗan littafin hotuna. Ita ce ta aika masa littafin: ga ta, ga mijinta, ga ɗakin da suka gyara masa. A ƙarshen 2019 aka amince su ɗauke shi riƙo, har masu renonsa suka koya masa cewa waɗannan su ne mama da baba. Sai korona ta zo a 2020, tafiya ta tsaya. Takalmin da ta saya masa yana nan a kwalinsa. Ta ce min ta san ya yi masa kaɗan tuntuni, amma ta kasa kyautar da shi.

Ranar 5 ga Satumba 2024, kakakin ma'aikatar harkokin wajen China, Mao Ning, ta sanar cewa ƙasarta ta daina ba da yara riƙo zuwa ƙetare, sai dai ga dangi na jini ko mai son ɗaukar agolansa. Tun daga 1992, yara sama da 160,000 ne suka fita ta wannan hanya, kusan rabinsu zuwa Amurka. Sanarwar ta haɗa har da waɗanda takardunsu suka yi nisa, kuma akasarinsu masu naƙasa ne ko masu ciwon da ke buƙatar likita.

Ban ga laifin ƙasar da ta ce za ta riƙe 'ya'yanta ba. Mu 'yan Afirka mun ga ɓarnar da aka yi da sunan taimako. Ba mu manta 2007 ba, lokacin da aka kama wasu Faransawa a Abeche ta ƙasar Chadi za su fita da yara 103 wai marayun Darfur ne, alhali yawancinsu suna da uwa ko uba a raye. Habasha ma ta haramta abin a 2018. Kuma a matsayina na Musulma na san addini ya hana a sauya wa yaro nasaba. Amma riƙo ba baƙonmu ba ne. Ni kaina a hannun gwaggona na tashi. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da aka ce masa gobe za a zo a ɗauke shi, ya ƙulle kayansa ya zauna bakin zaure har magariba, ya san abin da nake nufi. Waɗannan yaran shekaru suka yi a bakin zauren.

An taɓa shiga irin wannan hali. A Satumba 2013 Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta daina ba yaran da aka ɗauka riƙo takardar fita, yara sama da 1,000 suka tsaya cik. 'Yan majalisar Amurka ba su yi shiru ba. Sun yi ta matsa lamba, a 2015 kuma suka yi dokar da ta ba da damar ɗauke wa iyalan kuɗin sabunta bizar yaran, Shugaba Obama ya sa hannu. Daga ƙarshe Kinshasa ta bi takardun tana tantancewa, yaran suka fara fita daga ƙarshen 2015 zuwa 2016. Sai dai jinkirin ya ci rayukan wasu kafin a kai ga nan.

Na san a ƙarshen 2024 'yan majalisa sama da 100 daga jam'iyyun biyu sun rubuta wa Shugaba Biden a kan yaran China. Madalla, amma wasiƙa ba ta wadatar ba. Ina roƙonsu su kira jami'an ma'aikatar harkokin waje gaban kwamiti su faɗi inda maganar kowane yaro ta kwana, su kuma nace a riƙa tayar da ita duk lokacin da aka zauna da Beijing, kamar yadda ake tayar da zancen haraji da waken soya. Sannan su sa a doka cewa idan Amurka ce da kanta za ta dakatar da biza ko ɗaukar riƙo daga wata ƙasa, ba za a taɓa yaron da aka riga aka haɗa da iyali ba, muddin bincike ya nuna takardunsa na gaskiya ne.

'Yan'uwana Hausawa masu ƙuri'a a nan, kowa ya buga waya ofishin ɗan majalisarsa. Ni na buga, abokiyar tawa tana tsaye kusa da ni da hoton a hannunta.

Wassalam,
Mai bibiyarku a kullum, daga jihar Ohio, Amurka