Koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zangon Kumasi kan jinkirin tura sabbin likitoci wurin aiki

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu ma'aikatan lafiya da iyayen sabbin likitoci na Aboabo, Asawase da Sabon Zango muka kawo kuka gaban uba.

Ranka ya daɗe, yaro kan yi shekara 6 yana karatun likita. In ya gama, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Gana ta rantsar da shi, ta ba shi rajistar wucin gadi. Wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar Majalisar tukuna. Daga nan sai horon shekara 2 da ake kira hawusmanshif, wata 6-6 a ɓangarori 4: cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Duk abin da ya yi yana rubutawa a littafi, babban likita ya sa hannu. Sai littafin ya cika ake ba shi cikakkiyar rajista.

A tsakanin rantsuwa da fara aiki ne gizo ke saƙa. Ba a tura kowa asibiti sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin biyan albashi, kuma babu ranar da aka tsayar wa izinin nan. Guraben asibitocin da Majalisa ta amince su yi horo ƙidayayyu ne, kowa kuma manyan asibitocin koyarwa, Komfo Anokye na Kumasi ko Korle Bu na Accra, yake hange. In an tura yaro ma, sai ofishin Babban Akanta ya ba shi lambar ma'aikaci kafin sunansa ya hau takardar albashi. Yakan yi watanni yana kwana asibiti babu ko sidi ɗaya, mai gida kuma na neman hayar shekara 2 a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 wata 6 ta yarda.

Yunwar nan ke kai su lokum, wato riƙon dare a ƙananan asibitocin kuɗi. Mai rajistar wucin gadi bai kamata ya duba maras lafiya ba sai ƙarƙashin babba. Amma ƙarfe biyun dare a kawo mai naƙuda jini ya ɓalle mata, yaro shi kaɗai, babu jini a firji, babu wanda zai kira. Matanmu ne ke kwance a gadajen nan.

Roƙonmu ga Sarki:

Ya kai maganar ga Ministan Yankin Ashanti da Daraktan Lafiya na yanki da 'yan majalisarmu, a nemi izinin kuɗi tun kafin ranar rantsuwa, tunda an san yawan masu gamawa kowace shekara, a kuma fara rajistar albashi ranar da takardar turawa ta fito. A bayyana guraben kowane asibiti a fili, kada a ce sai mai uwa a gindin murhu.

Ya kira masu asibitocin kuɗi na unguwanninmu zuwa fada, su yi alkawarin duba lasisin duk mai lokum, su ajiye babban likita da zai iya isowa cikin dare.

Ya yi wa masu gidajen haya magana su karɓi wata 6 daga hannun yaran nan.

Asibitocin da mutanenmu suka fi zuwa, irin na Manhyia da Tafo, a riƙa sa musu masu jin Hausa, musamman mata a ɗakin haihuwa. Tsohuwar da ba ta jin Tonanci (yaren Ashanti) ko Turanci da bakin jikanta take faɗin ciwonta, akwai kuwa abin da ba za ta taɓa faɗa a gabansa ba.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Daga 'ya'yanka ma'aikatan lafiya da iyayen sabbin likitoci na Zangon Kumasi.