Limamin da ya zauna da 'yan ci-rani kafin ya yi rubutu a kansu

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu, musamman malaman addini, zuwa ga aikin Fada Daniel Groody, limamin cocin Katolika ɗan ƙungiyar Holy Cross, wanda yake koyar da ilimin tauhidi a Jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiana ta Amurka. Bawan Allahn nan ya shafe shekaru yana nazarin ƙaura da halin da masu ƙaura ke shiga.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ya somo aikin. Ya je kwarin Coachella na jihar Kalifoniya ya zauna da 'yan ƙasar Meziko masu aikin gona, waɗanda da yawansu suka ƙetaro hamada ba takardu, ya saurari yadda suke fahimtar Allah a cikin ƙishirwa da tsoron kamu da kewar gida. Daga wannan zama ne littafinsa na 2002, Border of Death, Valley of Life, ya fito. A 2022 kuma ya wallafa A Theology of Migration, wanda Paparoma Francis ya rubuta wa gabatarwa. A ganinsa, Kirista ba zai iya wulaƙanta baƙo ba, tun da Linjila ta nuna cewa an gudu da Yesu Masar yana jariri.

Ni Musulmi ne, kuma akwai saɓani bayyananne tsakanin aƙidarsa da tawa, amma hanyar da ya bi ta cancanci koyi, balle mu da kalandarmu ta faro daga Hijira. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a saharar arewacin Nijar, a kan hanyar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kantche, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. An yi ta wa'azi a kan haƙuri da wadatar zuci, kuma wa'azin yana da amfani, sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malamin da bai taɓa zama da uwar da ta ɗauki 'ya'yanta ta nufi birnin Tamanrasset na Aljeriya domin yin bara ba, da wuya maganarsa ta shiga kunnenta.

Gaskiya ne littafi ba ya canza dokar kan iyaka, kuma mafi yawan binciken Groody ya karkata ga nahiyar Amurka, saboda haka ba za mu kwafe shi sukutum ba. Ina dai kira ga sassan nazarin addini na jami'o'inmu a Kano da Sakkwato da Yamai da su tura ɗalibai Agadas su tattauna da matafiya da waɗanda aka koro daga Libiya da Aljeriya, jaridarku kuma ta buga abin da suka samo.

Naka,
Mai karatu daga Damagaram