A duba turke kafin a sayi garin kwantar da doki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan'uwana masu kiwon doki a kan wata al'ada da ta fara shigo mana barga, wato sayen gari ko ruwan magani da ake kawowa daga Ingila da Amurka da sunan yana kwantar da hankalin doki mai zabura. Da zarar Sallah ta ƙarato sai ka ga ana tallarsa a waya, robar ɗauke da hoton doki a natse, kuma ni kaina ina cikin waɗanda suka taɓa ba da kuɗinsu.

Ina da wani bidi, ingarma ɗan shekara shida. Saura wata biyu hawan Sallah muka ƙara masa dawa da gero domin ya yi ƙiba, jikinsa ya yi sheƙi, a daidai lokacin da yaron da ke fita da shi kilisa ya koma makaranta, ya zama dokin yana wuni a turke. Ba a yi mako uku ba halinsa ya canza. Ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa ya fizgi igiya, in an zo ɗaure majayi sai ya kwantar da kunne ya kai cizo, in an sa masa linzami sai ya yi ta girgiza kai har kumfa ta zubo a ƙirjinsa. Na sayi garin nan a hannun wani mai sayar da kayan dabbobi, na riƙa barbaɗa masa a dusa safe da yamma kamar yadda aka rubuta. Ranar hawa, 'yan bindiga na sakin wuta ya yi tutsu, ya kayar da ƙanena a gaban jama'a. Allah ya kiyaye, abin ya tsaya a targaɗe.

Likitan dabbobin da na kira bayan Sallah bai ko kalli robar ba. Bakin dokin ya fara buɗewa, ya nuna mini yadda gefen turamen haƙoransa ya yi kaifi har ya yanke masa kumatu ta ciki, ya goge su da magagari. Daga nan ya tambaye ni yawan harawar da yake ci, na ji kunyar amsawa. Ya yi mini bayani cewa doki a sake yakan kai awa 16 yana kiwo a yini, kuma tumbinsa ba ya daina fitar da ruwa mai tsami ko da babu komai a ciki, shi ya sa dokin da ake cika wa hatsi a bar shi da ƙarancin ciyawa yake saurin kamuwa da gyambon ciki, ciwon kuma ya fito a halinsa. Ƙa'idar da ya ba ni ita ce busasshiyar ciyawa da harawa kada su gaza kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na nauyin dokin, ma'ana doki mai kilo 400 yana bukatar aƙalla kilo 6 kullum. Muka rage hatsi, muka ƙara harawa, kilisa ta dawo safe da yamma, cikin wata guda bidi ya koma yadda na san shi.

Ban ce duk abin da ke cikin waɗannan robobi ƙarya ba ne. Mafi yawansu magnesiyam ne da bitamin B1 da tiriftofan, wasu kuma a haɗa da ganye irin babunaj ko saiwar baleriyan. A 2015 wasu masu bincike a Ostiraliya sun gwada magnesiyam a kan dawaki shida, suka ga saurin zaburarsu ya ragu, amma a ganina dawaki shida ba su isa mutum ya kafa hujjar kashe kuɗin buhun harawa da yawa ba, musamman ga dokin da abincinsa bai rasa wannan sinadari ba. Shi kuwa tiriftofan, duk da cewa da shi jiki ke haɗa sinadarin da ke da alaƙa da natsuwa, gwaje-gwajen da aka yi wa dawaki ba su nuna yana kwantar da su ba. Baleriyan kuma hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta hana a same shi a jikin doki lokacin gasa, don haka duk wanda dokinsa zai shiga wasan da ake gwajin jini ko fitsari sai ya karanta jikin roba da kyau, domin kalmar "na ganye ne" ba za ta wanke shi ba. Kasancewar abu ganye ma ba ya nufin ba ya cutarwa. Zaƙami ganye ne, kuma guba ne ga doki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, idan gari bai yi aiki ba, wasu sukan tsallaka zuwa allurar kashe jiki ba tare da likita ba. Asefuromazin, wadda aka fi sani a cikinsu, tana sa jini ya sauka, wato akasin hawan jini, kuma likitoci na kaffa-kaffa da ita ga ingarma saboda tana iya sa gabansa ya fito ya kasa komawa. Mu kuwa a ƙasar nan ingarma muke hawa, ba goɗiya ba. A ɗora wa irin wannan doki sirdi da kayan ado masu nauyi, a shiga da shi cunkoson ƙofar fada cikin rana, ƙafafunsa ba ƙwari, wannan ganganci ne da ran mahayi da na 'yan kallo.

Akwai kuma abin da kakanninmu suka sani wanda babu robar da za ta maye gurbinsa, wato sabo. Dokin da zai ji algaita da tambari da bindiga ranar hawa, tun da sauran watanni ya kamata a fara kai shi inda zai ji su daga nesa, a gefen wani tsohon doki da ya saba, ana matso da shi sannu a hankali.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne kafin Sallah mai zuwa ka gayyato likitan dawaki daga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko wani makamancinsa, ya yi wa masu karatu bayani da Hausa a kan ciyar da doki da duba haƙoransa. Ina kuma kira ga hukumar NAFDAC ta leƙa shagunan kayan dabbobi, domin robar da na saya, da na sake juya ta daga baya, ban ga lambar rajista a jikinta ba.

Naka,
Wani mai kiwon doki, daga Zariya